BABI NA BIYU: TARIHIN TASKOKIN KIƊA DA YADDA AKE YI WA KIƊA LAƘABI

2.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai bi diddigin tarihin abin da a cikin wannan bincike aka kira taskar kiɗa, wato kamfanin da ke tara kaɗe-kaɗen da aka tsara tun kafin a san inda za a yi amfani da su, ya ajiye su, sa'an nan ya riƙa bayar da hayarsu ga masu shirya finafinai da gidajen rediyo da talabijin da kuma 'yan talla. A irin wannan sana'a mai tsara kiɗa ba ya ganin fim ɗin da kiɗansa zai shiga, shi kuma mai shirya fim sau da yawa bai san ko sunan mai kiɗan ba. Abin da ke haɗa su shi ne 'yan kalmomin da aka rubuta a jikin kiɗan, waɗanda suka ƙunshi sunansa da tsawonsa da yanayin da yake nunawa da sunan wanda ya tsara shi. Waɗannan kalmomi su ne za a riƙa kira laƙabi a duk tsawon babin.

Wanda ya saba da rabe-raben kiɗan Hausa ba zai sha wahalar gane tushen abin ba, domin an daɗe ana kiran kiɗa da sunan aikin da yake yi, kamar kiɗan noma da kiɗan dambe da kiɗan mahauta. Sai dai makaɗin noma yana tsaye ne a gona yana kallon manomin da yake yi wa kiɗa, shi kuwa mai kiɗan taska yana yi ne domin wani mutum da bai sani ba, wanda wataƙila sai bayan shekara goma zai buƙaci kiɗan. Babin zai nuna cewa a wannan sana'a laƙabi ya riga kiɗa zuwa duniya, kuma daga farkonta har zuwa zamanin kwamfuta, ta hanyar laƙabi ne ake samun kiɗa idan ana nemansa, ta hanyarsa ne kuma kuɗi ke komawa ga mai shi. An fi mayar da hankali ga ƙasar Ingila saboda a can ne sana'ar ta kafu sosai, amma za a taɓo Amurka da Jamus da Suwidin a wuraren da labarin ya bi ta cikinsu.

2.1 Zamanin Finafinan da Ba Su Magana

Kafin shekarar 1927 yawancin finafinai ba su da sauti, saboda haka kowane gidan silima yana da mai kaɗa fiyano, manyan gidaje kuma suna da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Matsalar waɗannan makaɗa ita ce fim yakan canza sau ɗaya ko sau biyu a mako, kuma ba kullum suke samun damar kallonsa kafin a nuna wa jama'a ba. Da zarar ɓarawo ya leƙo ta taga a jikin majigi, dole ne mai fiyano ya sami kiɗan ɓarawo nan take, ba shi da lokacin bincike. Wannan buƙata ce ta haifar da laƙabi.

A shekarar 1909 kamfanin Edison na Amurka ya fara buga shawarwarin irin kiɗan da ya dace da finafinansa a cikin mujallar da yake aika wa masu gidajen silima. Daga nan aka sami takardar jerin kiɗa, wadda ke bin fim daki-daki tana faɗin abin da za a kaɗa da kuma tsawon lokacin da za a ɗauka ana kaɗa shi. Max Winkler, wanda ma'aikaci ne a kamfanin buga takardun kiɗa na Carl Fischer a birnin Niyok, ya yi iƙirarin cewa shi ya ƙago wannan takarda a 1912, ko da yake shawarwarin Edison sun riga shi. Ko ma wane ne ya fara, takardar ta rayu har bayan mutuwar finafinan da aka ƙago ta dominsu, kamar yadda za a gani a gaba.

Mataki na biyu shi ne tsara sabon kiɗa domin cike waɗannan gurabe. A 1913 kamfanin Sam Fox ya buga littafin farko na gajerun kaɗe-kaɗen fiyano da J. S. Zamecnik ya tsara. Ba a ba su sunaye irin na waƙoƙi ba, sunan aikinsu kawai aka rubuta a kai: kiɗan gaggawa na lokacin faɗa, kiɗan gaggawa na lokacin gobara, kiɗan ɓarawo, kiɗan hadari, kiɗan mutuwa, kiɗan jana'iza. A Jamus kuma Giuseppe Becce ya fara fitar da jerin da ya kira Kinothek daga 1919, sa'an nan a 1927 shi da Hans Erdmann suka wallafa babban littafin jagora mai juzu'i biyu wanda ya rarraba kaɗe-kaɗe bisa yanayi da ƙarfin motsin rai.

Littafin da ya fi nuna yadda tunanin ya kai shi ne na Erno Rapée, Motion Picture Moods for Pianists and Organists, wanda kamfanin G. Schirmer ya buga a 1924. Rapée ya raba kiɗa gida 52, daga jirgin sama da yaƙi da tsuntsaye har zuwa baƙin ciki da ɗaurin aure, kuma ya sa aka buga jerin gidajen tare da lambar shafinsu a gefen kowane shafi, domin makaɗi ya iya tsallakawa daga soyayya zuwa tsoro ba tare da ya koma farkon littafin ba. Wani abin lura shi ne yawancin kaɗe-kaɗen da ke cikin littafin na tsofaffin mashahuran Turai ne irin su Grieg da Mendelssohn da Beethoven, an gutsuro su an liƙa musu sabon aiki. Wato ke nan laƙabin ne sabon abu, shi ne kuma hajar da ake sayarwa.

Akwai wani gado marar kyau da wannan zamani ya bari. A cikin littafin Zamecnik akwai kiɗan Sinawa da kiɗan mutanen Gabas da kiɗan Indiyawan Amurka, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ɗauko daga mutanen da aka ambata. Kiɗa ne da Bature ya tsara bisa yadda 'yan kallo Turawa suke zaton waɗannan al'ummu suna kiɗa. Da aka yi ta maimaita shi, sai kunnen 'yan kallo ya karɓe shi a matsayin gaskiya. Haka laƙabi ya zama hanyar cusa al'umma guda cikin aljihu ɗaya, kuma taskokin da suka zo daga baya sun gaji wannan ɗabi'a.

2.2 Daga Takarda Zuwa Faifai

Meyer de Wolfe, mutumin Holan da ya zauna a Landan, ya kafa kamfaninsa a 1909 domin samar wa makaɗan gidajen silima takardun kiɗa. Da finafinai masu sauti suka shigo a 1927, dubban makaɗan silima sun rasa aikinsu cikin 'yan shekaru, kasuwar takardun kiɗa kuma ta rushe. Kamfanin De Wolfe ya tsira ne saboda ya koma ɗaukar kiɗan a faifai da kuma a jikin zaren fim, yana bayar da hayarsa ga masu shirya labaran majigi da gajerun finafinai, waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa kuma ba su da lokacin jira. Shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin taskar kiɗa mafi daɗewa.

Wasu kamfanonin Landan sun bi sahu, irin su Bosworth da Boosey & Hawkes. Wanda ya fi tasiri a cikinsu shi ne Chappell, wanda ya buɗe taskarsa a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, inda Charles Williams ya jagoranci makaɗan Queen's Hall Light Orchestra wajen ɗaukar fayafayan farko. Ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen Williams, mai suna Devil's Galop, shi ne gidan rediyon BBC ya ɗauko ya mayar da shi taken wasan kwaikwayon Dick Barton wanda aka fara a 1946. Miliyoyin masu saurare sun haddace kiɗan ba tare da sun san sunan wanda ya tsara shi ba, kuma wannan ya zama halin sana'ar baki ɗaya.

A nan ya kamata a tsaya a bayyana yadda kuɗi ke zagayawa, domin idan ba a fahimci wannan ba, ba za a gane dalilin da ya sa laƙabi yake da nauyi haka ba. A Ingila akwai ƙungiyoyi biyu: PRS, wadda aka kafa a 1914 domin karɓar kuɗin yaɗa kiɗa a bainar jama'a, da MCPS, wadda aka kafa a 1924 domin karɓar kuɗin kwafe kiɗa. Taskar kiɗa takan mallaki haƙƙoƙi biyu a lokaci guda, wato haƙƙin kiɗan da aka tsara da haƙƙin faifan da aka ɗauka, saboda haka mai shirya fim ba ya buƙatar neman izinin mutane daban-daban. Yakan biya MCPS bisa jadawalin farashi da aka buga, wanda ke la'akari da tsawon abin da aka yi amfani da shi da irin shirin da kuma ƙasashen da za a nuna shi. Bayan haka duk lokacin da aka watsa shirin, PRS takan karɓi nata kuɗin daga gidan rediyo ko talabijin. A bisa al'adar Ingila, mai tsara kiɗa da taska sukan raba abin da ya shigo biyu daidai, kuma ƙa'idar PRS ba ta yarda kason kamfani ya wuce rabi ba.

To, yaya PRS za ta san kiɗan wa aka sa a minti na bakwai na wani shiri? Ta hanyar takardar jerin kiɗa. Takardar da a zamanin Winkler take faɗa wa makaɗi abin da zai kaɗa, yanzu ta juya ta zama rahoton abin da aka riga aka kaɗa. Mai tace shirin ne yake cike ta, yana kwafo sunan kiɗa da sunan mai tsarawa da na kamfani da lambar faifai daga jikin kwalin faifan. Idan ya yi kuskuren harafi, ko ya rubuta sunan faifai a maimakon sunan kiɗa, ko ya manta gaba ɗaya, kuɗin yakan maƙale a ƙungiya ba a san mai shi ba. Mai tsara kiɗa na iya jin aikinsa a talabijin kowane mako amma ko kwabo bai shigo hannunsa ba. Abincinsa ya dogara ne ga alƙalamin wani mutum da bai taɓa gani ba.

2.3 Zamanin Koren Kwali

Buɗe talabijin na kasuwanci a Ingila a 1955 ya faɗaɗa kasuwar ƙwarai, domin shirye-shirye sun yawaita, ga kuma tallace-tallace. Kamfanin da ya fi cin moriyar wannan shi ne KPM, wanda sunansa ya fito daga haɗewar kamfanonin Keith Prowse da Peter Maurice. A tsakiyar shekarun 1960 Robin Phillips ya karɓi ragamar taskar, ya fara jerin fayafayan da ake kira KPM 1000, dukkansu cikin koren kwali iri ɗaya, babu hoto, babu fuskar makaɗi. Kamfanin EMI ya sayi KPM a 1969.

Ba a sayar da waɗannan fayafayai a kanti. Akan buga kwafi kaɗan a rarraba kyauta ga gidajen talabijin da ɗakunan tace finafinai da kamfanonin talla, sai an yi amfani da kiɗan ne ake biya. Tunda gaban kwalin bai faɗi komai ba, duk aikin tallar yana bayansa. A nan ne ake jera sunan kowane kiɗa da tsawonsa a minti da daƙiƙa da sunan mai tsarawa, sa'an nan a bi shi da bayani na layi ɗaya: ko mai sauri ne ko mai sanyi, wane abin kiɗa ne ke gaba, kuma ya dace da wasanni ne ko masana'anta ko ɓoyayyen haɗari. Mai tace fim da ke da awa biyu kafin a watsa shiri ba zai saurari faifai ɗari ba. Bayan kwali zai karanta, ya ɗora allura a kan uku ko huɗu, ya zaɓi ɗaya. Kiɗan da bayaninsa bai ja ido ba, ko da ya fi sauran daɗi, haka zai ƙare a kan kanta.

Yadda ake miƙa kiɗa a wannan zamani ya bambanta da abin da aka sani daga baya. Ba ƙofa ce a buɗe ga kowa ba. Shugaban taska ne yake lura da abin da kasuwa ta rasa, ya kira wanda ya amince da shi, ya ce ana buƙatar faifan kiɗan masana'antu ko na tseren motoci ko na leƙen asiri. Ma'ana, gurbin yana nan da sunansa kafin a rubuta ko bugu ɗaya, kamar dai yadda yake a littafin Zamecnik. Mutanen da Phillips ya tara, irin su Keith Mansfield da Alan Hawkshaw da Johnny Pearson da Syd Dale da Alan Parker da John Cameron, ƙwararrun makaɗan situdiyo ne da suka saba aiki da agogo. Kuma da yake ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta hana 'ya'yanta ɗaukar kiɗan taska a cikin ƙasar, saboda tsoron kada faifai ɗaya ya cinye aikin makaɗa na shekaru, sai aka riƙa kwasar takardun kiɗa ana tafiya Jamus da Beljiyam a ɗauka a can. Ba a ɗage wannan takunkumi ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Kiɗan da 'yan Ingila suka ɗauka shi ne muryar talabijin ɗinsu, da yawansa a Kolon da Munik aka kaɗa shi.

Misalai uku za su nuna yadda rabo yake a wannan sana'a. Approaching Menace na Neil Richardson, wanda sunansa kaɗai ya isa laƙabi domin yana nufin barazanar da ke tunkarowa, BBC ta ɗauke shi a 1972 ya zama taken shirin kacici-kacici na Mastermind, ya kuma zauna a nan shekaru da dama. Heavy Action na Johnny Pearson ya fara ne a shirin wasanni na Superstars a BBC, daga baya ya ƙetara teku ya zama taken shirin ƙwallon Amurka na daren Litinin. Chicken Man na Alan Hawkshaw kuwa ya nuna ɗaya fuskar al'amarin: BBC ta sa shi a matsayin taken Grange Hill a 1978, a shekara mai zuwa kuma tashar ITV ta sa shi a Give Us a Clue. Babu wanda ya karya doka, domin kiɗan taska ba a killace wa mutum ɗaya shi, duk wanda ya biya zai ɗauka.

Sunan da ke jikin kwali ma ba kullum yake na gaskiya ba. Jan Stoeckart, mutumin Holan, ya tsara wa De Wolfe kaɗe-kaɗe masu ɗimbin yawa da sunaye daban-daban, wanda aka fi sani shi ne Jack Trombey. Kiɗansa Eye Level ya zama taken shirin Van der Valk, kuma da makaɗan Simon Park suka fitar da shi kasuwa, ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayan da aka fi saye a Birtaniya a 1973, abin da ba safai yake faruwa da kiɗan taska ba. Delia Derbyshire da Brian Hodgson, waɗanda ma'aikatan BBC ne, sun fitar da kiɗan taska da sunayen Li De la Russe da Nikki St George. Sunan aro ba ya hana kuɗi zuwa muddin an yi masa rajista a ƙungiya, amma ya sa tarihin sana'ar ya yi wuyar bi, har sai da masu tara tsofaffin fayafayai suka shiga tono shi, musamman bayan fitowar littafin Jonny Trunk mai suna The Music Library a 2005.

Gadon Zamecnik bai ɓace ba a wannan zamani. A 1973 KPM ta fitar da faifan Afro Rock na Alan Parker da John Cameron, Turawan Ingila biyu. Masu sha'awar kiɗa suna yaba faifan, kuma ya cancanci yabo, amma kalmar da ke jikinsa tana yi wa mai tace fim alkawarin nahiya guda a cikin kwali ɗaya, ba ta bambanta Legas da Kinshasa ba.

Da Phillips ya bar KPM ya kafa Bruton a 1977, sai ya shigar da laƙabi cikin lambar faifan kanta. Kowane rukunin kiɗa yana da harufansa da launin kwalinsa, ta yadda mai nema zai hango abin da yake so daga nesa a kan kanta kafin ya karanta komai.

2.4 Zuwan Kwamfuta da Buɗewar Ƙofa

De Wolfe ta fara fitar da taskarta a faifan CD a 1985, sauran kuma suka biyo baya. A wannan lokaci ne ya zama al'ada a kawo kowane kiɗa da siffofi da dama: cikakkensa, da wanda aka cire masa jagoran sauti domin ya zauna ƙarƙashin magana, da gajeru na daƙiƙa 60 da 30 da 15 saboda talla, da ɗan guntu na rufewa. A shekarun 1990 manyan taskoki sun fara raba manhajar bincike, inda ake rubuta kalma kwamfuta ta kawo jerin kaɗe-kaɗe. Daga nan bayanin layi ɗaya na bayan kwali ya tsinke ya zama kalmomi ɗai-ɗai.

Lambobin tantancewa ma a wannan tsakanin suka zauna. Lambar ISRC mai harufa da alƙaluma 12, wadda ke nuna takamaiman sautin da aka ɗauka, ta zama ƙa'idar duniya a 1986, ita kuwa ISWC, wadda ke nuna ainihin kiɗan da aka tsara, a 2001. A 1996 Eric Kemp ya ƙago hanyar liƙa bayani a jikin fayil ɗin MP3, wadda ake kira ID3. Siffarta ta farko ƙarama ce ƙwarai, domin gurbin suna ba ya ɗaukar fiye da harafi 30, nau'o'in kiɗan da za a zaɓa daga ciki kuma 80 ne kawai. A 1997 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da tsarin Broadcast Wave, wanda ya ba da damar ajiye bayani cikin fayil mai cikakken inganci. Ta haka laƙabi ya shiga cikin kiɗan kansa, yana binsa duk inda aka kwafe shi, ko da yake wasu manhajojin tace fim sukan goge shi a hanya.

Intanet ce ta buɗe ƙofar da Phillips da takwarorinsa suke tsaro. Kamfanin Pump Audio, wanda aka kafa a Amurka a 2001 kuma Getty Images ya saya a 2007, ya karɓi kiɗa daga makaɗa masu zaman kansu ba tare da ya killace shi ba. A Ingila, Audio Network ya fara a 2001 da lasisi mai sauƙi wanda bai bi jadawalin MCPS ba. Haka nan kasuwanni irin su AudioJungle, wanda aka buɗe a 2008, suka ba duk mai kwamfuta a ɗakinsa damar ɗora kiɗansa. Sakamakon haka aikin da a da ma'aikacin taska yake yi ya faɗo kan mai tsara kiɗa. Shi zai cike gurabe: suna, nau'i, yanayi, yawan bugu a minti, kayan kiɗan da aka yi amfani da su, ko akwai murya ko babu, sunayen duk waɗanda suka yi tarayya a aikin da kason kowa cikin ɗari, ƙungiyar da kowa yake ciki da lambarsa ta rajista, sa'an nan jerin kalmomin nema. Manyan taskoki kuma suka ƙara neman rassan kiɗan daban-daban, wato ganguna su kaɗai, kayan tsirkiya su kaɗai, domin mai tace fim ya iya rage wani ya bar wani.

Wannan 'yanci ya zo da cututtukansa. Na farko shi ne cushen kalmomi. Tunda kiɗan da bai fito a shafin farko na bincike ba tamkar babu shi ne, sai wasu suka riƙa liƙa wa kiɗa ɗaya farin ciki da baƙin ciki da tsoro gaba ɗaya, da fatan ko ta ina aka jefa ƙugiya za ta kamo shi. Abin da hakan ya haifar shi ne mai nema ya daina amincewa da sakamakon, taskoki kuma suka koma ƙayyade yawan kalmomi da tilasta zaɓa daga jerin da suka tsara da kansu, wanda kusan komawa ce ga gidajen Rapée 52. Na biyu shi ne sake suna. Mai tsara kiɗa yakan ba taskoki uku ko huɗu kiɗa ɗaya, kowace ta raɗa masa nata sunan ta yi rajistarsa, domin idan sunanta ne ya fito a takardar jerin kiɗa, ita ce za ta karɓi kason kamfani. Dabarar ta yi aiki muddin mutum ne ke cike takarda. Amma da aka fara gane kiɗa ta hanyar sawun sautinsa, kamar tsarin Content ID da YouTube ya ɓullo da shi a 2007, sai asiri ya tonu, saboda na'ura sauti take ji, ba ta san suna ba. Kamfanoni da dama suka riƙa iƙirarin sauti guda, wanda ya sayi lasisi da kuɗinsa ya wayi gari an yi masa da'awa, gidajen talabijin da yawa kuma suka fara guje wa kiɗan da ba a killace ba.

Kamfanin Epidemic Sound, wanda aka kafa a Sitokhom ta ƙasar Suwidin a 2009, ya warware wannan ƙulli ta wata hanya dabam: ya sayi haƙƙin kiɗa gaba ɗaya da kuɗi a hannu, kuma a shekarunsa na farko ya yi aiki ne da waɗanda ba sa cikin ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙin mallaka. Wannan ya sauƙaƙa wa masu ɗora bidiyo a intanet, amma ya yanke igiyar da ta haɗa mai tsara kiɗa da takardar jerin kiɗa tun zamanin Chappell, wato begen cewa kiɗa ɗaya zai iya ciyar da mai shi shekara talatin kamar yadda ya faru ga Richardson da Pearson. Ƙungiyoyin masu tsara kiɗa na Turai sun yi suka a kan tsarin a fili.

Tsofaffin taskokin kuma sun shige hannun manyan kamfanoni. Bruton ya bi ta hannun Zomba da BMG ya ƙare a Universal, KPM kuma ya koma ƙarƙashin Sony bayan cinikin sashen wallafa kiɗa na EMI a 2012. A ƙarshen shekarun 2010 aka sami kamfanonin da manhajarsu ke sauraren kiɗa ta ba shi laƙabi da kanta, irin su Cyanite a Jamus da Musiio a Singafo, wanda SoundCloud ya saya a 2022. Irin wannan manhaja tana koyo ne daga laƙubban da mutane suka riga suka liƙa wa dubban kaɗe-kaɗe, saboda haka tana iya faɗin yawan bugu da kayan kiɗa da yanayi, tana kuma gadar kurakuran waɗanda suka koya mata. Gurbin sunan mai tsarawa da kasonsa da lambarsa ta rajista kuwa ba a jin su a cikin sauti, dole mutum ne zai rubuta su da hannunsa.